Baƙon Gidan Maɗunki

To, na ji ku. Kun ce za ku share ɗakunan nan biyu na bayan gida, ku shafa musu farar ƙasa, ku sa katifa, ku riƙa ba baƙi haya kwana biyu kwana uku, kamar yadda kunka gani ana yi a Yamai. Kun ce ya fi otal araha, baƙo ya huta, ku ma ku samu na cefane. Kai Isufu har kana cewa ai ba aiki ba ne, makulli kawai za ka miƙa. Ka ji mini ɗan banzan jika. Ni da na yi shekara arba'in ina fatoma a garin nan na Filinge, sai yau na ji ashe miƙa makulli na yi ta yi. Ku zauna. Ba hana ku zan yi ba, gidan ubanku ne, ni kuwa ƙafata ɗaya tana kabari. Amma ku fara jin abin da ake kira saukar baƙo.

Fatoma shi ne mutumin da falke ke sauka gidanshi in ya zo cin kasuwa. Ya ba shi wurin kwana, ya ajiye mishi kaya, ya ɗaure mishi dabba, ya tsaya mishi a ciniki. In an yi rigima ya zama bakinshi, in ya mutu ya binne shi ya aika wa dangi. Zamanin Nasara akwai kampama can gefen bariki, amma wannan masaukin Turawa ne da manyan ma'aikata, talaka ko inuwar katangarta bai isa ya zauna ba. Otal ɗin talaka mu ne. Gidanmu na bayan kasuwa, na kawuna Gado ne, wanda ya riƙe ni tun ban iya ɗaura walki ba. Zaure babba, ɗaki uku na maza, da ɗaki ɗaya na ciki mai shingen zana, wanda muke ajiye wa wanda ya zo da iyali.

Aikin farko da Kawu ya ba ni ɗaukar rairayi. Duk baƙon da ya tashi, ko kwana ɗaya ya yi, sai a fid da tabarma rana, a kwashe rairayin ɗaki kaf a zubar bayan gari, a ɗebo sabo daga fadama, a rufe ƙofa a turara da ganyen sabara. Shekara biyu ina wannan, kaina har ya yi sanƙo wurin gammo. Ran da na gaji na ce mishi, "Kawu, wanga mutum fa mai tsabta ne, malami ne ma." Bai ɗago daga igiyar da yake tuƙa ba ya ce, "Baƙo ba ya tafiya duka. Ko ƙuma, ko tari, ko ƙazwa, sai ya bar maka wani abu. Ɗauki kwando."

Randa uku ne a tsakar gida, kowace da moɗarta, kuma mai tari ba ya shan ta kowa. Turaku iri biyu ne, na ciki da na waje. Dabbar da ta zo yau tana kwana a turken waje sai na buɗe bakinta na duba kofatonta, ko da ta sarkin garinsu ce. Ɗakin ajiya kuwa kwaɗo biyu gare shi, makullan suna wuyana, da su nake salla da su nake wanka. Baƙi kowa da halinshi. Buzun ƙasar Imanan in ya zo daga Bankuku ba ya son a tsaya kanshi shina cin abinci, ka ajiye akushi ka ba da baya. Bazabarme in bai ji gaisuwarsu ta "fofo" da safe ba ya ɗauka kana fushi da shi. Bafulatani zai ce maka ya ƙoshi alhali ya yini bai ci ba, sai ka yi mishi dabara. Bakurfaye, ɗan'uwanka na ƙasarmu ta Kurfai, shi ya fi kowa wuya, don shi a ganinshi ba baƙo ba ne, dokar gida ba ta hau kanshi ba.

Sai babbar doka. In gida ya cika, kana iya kai baƙonka wani gida, amma har yanzu baƙonka ne. Kawu ya ce baƙo makaho ne ko da idonshi, kai ne sandarshi. Don haka kafin ka kai shi, ka tafi da ƙafarka, ka shiga gidan, ka zauna, ka roƙi ruwa ka sha. Ka duba bayan ɗaki. Ka ce a kira maka yaran gida ka ba su goro su kai wa uwayensu, kana ba su kana ƙirga su, kana duba idonsu da hancinsu. In an ce ɗaya na barci, ka jira ya tashi. Na ga Kawu ya zauna gidan mutum tun hantsi har azahar don yaro ɗaya.

Bayan Kawu ya rasu gida ya dawo hannuna, zamani kuma ya juya. Kamyo, babbar motar kaya, ya fara shigowa, kasuwa ta cika ta batse, duk mai ɗakin da ba kowa ciki ya gane ana samun kuɗi da shi. Mahauci, maƙeri, har ladan, kowa ya koma mai masauki na kwana biyu. Ba rairayi, ba sabara, ba turken waje. Wani ɗan garin Tabla an sace mishi sirdi a irin gidajen nan, da ya yi magana mai gida ya ce, "Ni ɗaki na ba ka, ban ce ni gardi ne mai tsaron kaya ba." Kuma gaskiyarshi. Ba wanda ya ɗaura mishi nauyi, ba shi da sunan da zai ɓaci. Na yi ta zagin masu wannan a bakin kasuwa, har ana ce mini Arzika mai baƙin ciki. Ashe ni ma ina da rana da su.

Bazara ce, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin jaki. Ana gyaran rufin kampama, sai ga gardi, ɗan sandan bariki, ya zo mini da ma'aikata biyu daga Yamai, ya ce kumandan mai mulkin gari ya ce in sauke su sati biyu, kuma ɗakin ciki suke so don ya fi sanyi. Wa ya isa ya ce a'a? Na kwashe tabarmi na sa musu gadajensu na ƙarfe.

Kwana uku da haka, ran kasuwa da hantsi, Shekarau ya iso. Shekarau manomi ne daga wani ƙauye bayan Tabla, shina kiwon sa ɗaya biyu ya kawo kasuwa. Ubanshi baƙon Kawu ne, shi kuma baƙona, bai taɓa kwana wani gida a Filinge ba. Wannan karon ba sa ya kawo ba. Matarshi Kulu ce a kan jaki, ƙafarta ta kumbura kamar turmi, an ce musu sai ta yi allura kwana goma a disfansar, ƙaramin asibitin garin nan. A gabanta kuma ɗiyarsu, ƴar shekara biyar, Ayashe. Kun san irin sunan nan. Kulu ta haifi huɗu ta binne huɗu, shi ya sa anka sa wa wannan sunan yasasshiya ko mutuwa ta raina ta ta wuce. Yarinya ce mai surutu, tun kafin a sauke ta take tambayata ko raƙumin da ke turke nawa ne.

Shekarau ya ce, "Mai gida, ga amana na kawo maka. Ka san ita kaɗai gare mu, uwarta ba ta iya barin ta ko yini ɗaya."

Na ce, "Ka kawo gida. Ku sha ruwa tukuna."

Ina faɗi ina lissafi. Zaure cike da maza, ɗaki uku cike, na ciki ga Nasara baƙar fata a kwance suna shan taba. A bakin ƙofa kuma mutum biyu na jira na, an yi cinikin sa a gabana an tashi ana musu, ɗaya har ya fara naɗe hannun riga. Sai na tuna Na-Allah maɗunki, gida na huɗu daga namu, wanda ya yi wata biyu shina bi na da cewa in baƙi sun yi mini yawa shina da ɗaki.

Na tafi da ƙafata, wannan kam na yi. Na yi sallama, mai gida ba ya nan, shina rumfarshi a kasuwa. Gidan mutum ba a shiga ba ya nan. Da Kawu ne sai ya aika a kira shi ya zauna ya jira. Ni na tsaya jikin zana na ɗaga murya, matarshi ta amsa daga ciki.

Na ce, "Uwar gida, ɗakin nan naku da kowa ciki?"

Ta ce, "Baƙo dai ya sauka muna, Baba Arzika. Amma ya tashi shekaranjiya."

Na ce, "Madalla, ɗaki ya samu ke nan. Zan kawo mace da ɗiyarta."

Ta ce, "Da ɗiya?"

Na ce, "Ƙarama ce, ba ta da ɓarna."

Ta ce, "To, sai abin da mai gida ya ce."

Na bi ta kasuwa na samu Na-Allah a kan kekenshi na ɗinki, ya ce ai ko yanzu a kawo su. Na raba masu rigimar sa, da la'asar na ɗauki kayan Kulu da kaina na kai. Ban shiga ba, ban sha ruwa ba, ban ƙirga yaro ko ɗaya ba. Na dai ga ƴar autar maɗunki ta fito ta kama hannun Ayashe sun shige, har na ji daɗi na ce ta samu abokiyar wasa.

Ran kwana na shida ina cin tuwon rana, matata Dije, kakarku, ta ce ta ji a bakin rijiya wai ƴar autar Na-Allah na kwance, an rufe ta a ɗaki ba a bari a gani. Ta ce, "Ba can ka kai matar Shekarau ba?" Na ce can ne, amma na tambaya, lafiya lau anka ce mini. Ta ce, "Mi anka ce maka? Faɗi yadda ta faɗa." Na maimaita mata. Dije ta ajiye ludayin da ke hannunta a hankali, ta dube ni kamar ba ta taɓa gani na ba.

Ta ce, "Malam, wane baƙo ke sauka wa mata da bazara?"

Nan take na gane. Baƙon dauro. Ƙyanda. Mata ba su kiran sunanshi, wai kada ya ji ya yi fushi ko ya dawo, sai su ce baƙo ya sauka, baƙo ya tashi. Kowace mace a Kurfai ta san wannan, ni ma na sani, da shi uwata ta raine ni. Amma kunnena ya tsufa cikin masauki, in an ce baƙo ba abin da nake gani sai mutum da jaka da sanda. Matar nan ta gaya mini gaskiya iyakar yadda za ta iya faɗa ta bayan zana, mijinta kuma ya ɓoye don shina son kuɗin ɗaki, shina kuma tsoron a kai wa lokotoro, likitan disfansar, labari a sa gardi a ƙofarshi. Babban ɗansu ne ya yi ya warke, a ɗakin nan da na sa Ayashe ya yi jinya.

Dije ta ce, "Kawo su ɗakina yanzu. Namu duk sun yi, ba ya kama su. Ni sai in koma madafa." Ku duba fa, da tun ran farko na tambaye ta da ta ba su ɗakin nan. Ban tambaya ba, don ban saba shawara da mace a sha'anin baƙi ba.

Na je na kwaso su. Na-Allah ya fito shina sosa ƙeya, na ce mishi abin da ba zan maimaita gaban jikoki ba. Ya ce, "Ai matata ta gaya maka, kai ka ce madalla." Shekarau ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau, wuri ne ya samu a gida. Na kuma hana Dije ta gaya wa Kulu komi. Na ce kada a tayar wa mai jinya hankali, mu jira mu gani, wataƙila Allah ya tsare. Haka na ce wa Dije, haka na ce wa kaina. Gaskiyar ita ce kunya nake ji. Arzika mai zagin masu ɗakin haya ya kai ɗiyar wabi gidan ƙyanda. Na san kafin magariba labari ya kai Bankuku.

Kullum da safe sai in kira Ayashe in ba ta ƙuli-ƙuli, ina ba ta ina duba idonta. Kwana bakwai garau, takwas garau, tara garau. Allura ta cika kwana goma, sunka ƙara kwana biyu don lokotoro ya ce shina son ya sake ganin ƙafar. Na fara cewa a raina mun tsira.

Ran tafiya da sassafe na fito ɗaura wa jaki kaya. Yarinya na zaune bakin randa, ba surutu. Idonta ya yi ja shina ruwa, hanci na zuba, tana ɗan tari busasshe. Na miƙa mata ƙuli-ƙuli ta kau da kai. Na taɓa goshinta, zafi kamar dutsen da ya yini a rana. Kulu ta ce, "Zafin garinku ne, Baba, mu can muna da iska." Shekarau ya ce ai da sun isa gida za ta ware.

Ga disfansar nan, in ka tsaya ƙofar gidanmu kana hangen rufinta. Ga ɗaki, ga Dije da ta yi jinyar ƙyanda sau biyar ba ta rasa ko ɗaya ba. Ga hanya kuma, kwana biyu a kan jaki cikin rana, ba inuwa ba rijiya sai jefi-jefi. Magana ɗaya ce, in ce ku sauke kayan nan, yarinya ta kamu. Amma in na faɗa sai a ce ta ina, in an ce ta ina sai in ce ni. Dije na tsaye bakin madafa tana duba na, tana jiran in buɗe baki. Na ja igiya na ƙara tamke kaya. Na ɗauki Ayashe da hannuna na ɗora ta gaban uwarta, na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Dije ta yi wata guda ba ta ce mini ko sannu ba sai in ta ajiye akushi.

To, Isufu, ga abin da nake so ka ji. Katifa da farar ƙasa ba su ne masauki ba. Mai otal ko mugu ne shina da suna a ƙofa, shina da mai shara, shina da wanda za a kama in abu ya ɓaci. Ni na fi shi, don an koya mini tun ina yaro, kuma ka ji abin da na yi a rana ɗaya ta gaggawa. Kai da ba ka taɓa kwashe rairayin kowa ba, ranar da mace ta shigo ɗakin nan da jariri a baya, ka san wa ya kwana ciki jiya? Ka san da mi ya kwana? In ka sani daga baya, kana da bakin faɗa? Ni ban ga alama ba. Yanzu ma kowa ya koma Na-Allah, fatoma ko ɗaya bai rage a garin nan ba, kuma ba wanda ya ji an yi rashi.

Damina ta zo ta wuce ban ji labari ba, ban kuma tambayi mutanen Tabla ba, in na hango su ma sai in sake hanya. Sai bayan an yanke gero, wata ran kasuwa, ga Shekarau da sa ɗaya, shi kaɗai. Ya rame har rigarshi ta yi mishi yawa. Na karɓi igiya na ɗaure sa, na kawo ruwa, munka zauna a zaure munka gaisa. Na tambayi gona, na tambayi ƙafar Kulu, ya ce ƙafa ta warke.

Shi ya ce, "Ayashe ta koma. Kwana shida bayan mun isa. Ƙyanda ce, ta shige ciki ba ta fito da kyau ba, sun ce ranar hanya ce ta mai da ta. Ta bar wa ɗiyan ƙanena biyu, ɗaya kaɗai ya tashi."

Na yi salati, na yi mishi ta'aziyya yadda ake yi. Ya ciro ƙwaryar man shanu daga jaka ya ce Kulu ta aiko wa Dije, ta ce ba ta manta ɗakin da ta bar musu ba. Sannan ya sunkuyar da kai shina wasa da bakin tabarma.

Ya ce, "Mai gida, abin da ke hana ni barci, ni na kashe ta. Na ga idonta ran nan da safe, na ce zafi ne, don ina sauri in koma gyaran gona. Ga ka tsaye, kai da ka san komi, ban tambaye ka ba. Da na ce maka dubi yarinyar nan, na san da ka ce mu sauke kaya."

Ya ɗago ya dube ni. Ba tuhuma a idonshi ko kaɗan, jira kawai yake babba ya gaya mishi magana mai sanyi. Ina jin motsin Dije a bayan zana, ta daina daka.

Na ce, "Kwananta ne ya ƙare, Shekarau."

Ya ce, "Haka ne, mai gida." Ya share ido da hannun riga, ya yi mini godiya.